Asalin kalma: shaida ne ko alƙali? Sake karanta littafin Trench

A shekara ta 1851 aka buga wani ɗan ƙaramin littafi a Landan mai suna «On the Study of Words», wato nazarin kalmomi. Mawallafinsa, Richard Chenevix Trench, limamin cocin Ingila ne, haifaffen Dublin a 1807, wanda daga baya ya zama babban limamin wannan birni daga 1864 zuwa 1884. Littafin laccoci ne guda biyar da ya gabatar a gaban ɗaliban makarantar horar da malamai ta garin Winchester, samarin da ake shiryawa don su je su riƙe azuzuwa. Ya yi ta ƙara masa kauri a bugu na gaba har laccocin suka kai bakwai, ta ƙarshensu kuwa kacokan a kan yadda malamin makaranta zai yi aiki da kalmomi take. Ke nan da irinmu yake magana, mu masu alli a hannu.

Dalilai biyu suka sa na ga ya dace a sake buɗe shi a wannan fili. Na farko, a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Duk yadda aka aiwatar da wannan mataki, malamin Hausa da malamin Ingilishi za su riƙa haɗuwa a kan tambayoyi iri ɗaya: daga ina kalma kaza ta fito, kuma da wane suna za mu kira abu kaza na nahawu? Na biyu, ɗabi'ar da Trench ya koya wa ɗalibansa tana nan da ranta a cikinmu, ko da ba mu taɓa jin sunansa ba. A zauren malamai, a taron ƙungiya, a muhawarar rediyo, da wuya a tashi ba a sami wanda ya kashe bakin ƴan'uwansa da cewa «ai asalin kalmar kaza ne» ba, kowa kuma ya yi tsit kamar an yanke hukunci. A ganina asalin kalma shaida ne da ya kamata a saurara da kyau. Trench kuwa ya zaunar da shi a buzun alƙali, kuma ɓarnar da hakan ta haifar ta wuce kuskuren ƙamus.

Abin da littafin ya iya

Kafin a faɗi laifinsa, a ba shi haƙƙinsa. Trench ya ɗauki kalma kamar kaskon tsohuwar tukunya da manomi ya tono a kufai: ƙaramin abu ne, amma wanda ya iya dubawa zai gane wa ya zauna a wurin, me ya ci, da wa ya yi ciniki. Misalinsa da ya fi shahara shi ne «tribulation», kalmar da Ingilishi da Faransanci duka ke kiran tsanani da jarrabawar rayuwa da ita. Ta fito daga «tribulum» ta Latin, wani faffaɗan katako mai haƙoran duwatsu da manoman Rum ke ja a kan alkama don raba tsaba da ƙaiƙayi. Marubutan Kirista na farko suka ari hoton, suka ce wahala sussuka ce da ke fitar da tsabar mutum. Yaron da ya taso yana ganin mata na sussukar hatsi a bakin rumbu ba zai sake manta wannan kalma ba in aka koya masa ita ta wannan hanya, kuma duk malamin da ya taɓa fama da jerin kalmomin hadda ya san darajar abin da ba a mantawa.

Haka yake yi da tarihi. «Dunce» a Ingilishi daƙiƙin ɗalibi ne, alhali kuwa sunan wani gawurtaccen masanin falsafa ne, Duns Scotus, wanda ya rasu a 1308. Mutanen ƙarni na 16 ne suka raina mabiyansa, suka mai da sunan malaminsu zagi. Sai misalin da ya aro daga littafin «Ivanhoe» na Walter Scott, wanda ya fi kowane amfani ga ɗalibinmu da ya riga ya san Faransanci. Bayan mutanen Normandi masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, dabba a makiyaya ta riƙe sunanta na talakawan ƙasar, «ox», «sheep», «calf», amma da ta hau akushin masu mulki sai ta zama «beef», «mutton», «veal», wato «bœuf», «mouton» da «veau». Mai kiwo da harshensa, mai ci da nasa. Da kalmomi shida ɗalibi ya koyi shekarar yaƙi, ya ga zaman talaka da basarake, ya kuma gane dalilin da ya sa dubban kalmomin Ingilishi suke masa kama da waɗanda ya sani. A irin wannan aiki Trench gwani ne, harshensa kuma mai sauƙi, na mutumin da ya saba tsayawa gaban jama'a.

Inda shaida ya hau buzu

Matsala tana bayyana ne a laccar da ya keɓe wa tarbiyyar da ke cikin kalmomi. A wurinsa kalma tana furta gaskiyar da masu amfani da ita suka manta ko suke ƙi. «Pain», wato ciwo, ta fito daga «poena» ta Latin, ma'anarta horo ko tara. Sai Trench ya ce ga shi harshe da kansa ya shaida ciwo horo ne a kan zunubi. «Plague», annoba, asalinta bugu. Sai ya ce ko masu musun hannun Ubangiji a cikin annoba, da zarar sun ambaci sunanta sun amsa cewa bugu ne daga sama. Mai imani yana da hujjojinsa a kan ciwo da annoba, kuma ba su muke tattaunawa a nan ba. Abin tambaya shi ne ko tarihin kalma zai iya zama ɗaya daga cikinsu. Iyakar abin da «poena» ta tabbatar shi ne wasu mutane a wani zamani sun haɗa ciwo da horo a tunaninsu. Uwar da ta kai jaririnta asibiti a Landan ta ce yana cikin «pain» ba ta tuhumarsa da laifin komai, kuma duk wanda ke wurin ya fahimce ta ba tare da ya san Latin ba.

Haka nan ya tara kalmomin da darajarsu ta zube don ya nuna lalacewar ɗan Adam: «knave» yaro ce kawai kafin ta koma macuci, «villain» manomin gandu ce kafin ta koma mugu, «silly» mai albarka ce kafin ta koma wawa. Tarihin daidai ne, fassarar ce ke da gyara. In sunan manomi ya koma zagi, halin masu riƙe da alƙalami da kujera hakan ya fi nunawa; mu da muka san yadda «baƙauye» ke fita daga bakin ɗan birni ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sannan akwai ɗaya gefen sikelin. Trench ya yarda addinin Kirista ya ɗaukaka wasu kalmomi, amma da yawa sun hau ba da taimakon wa'azi ba. «Knight», barden sarki, ita ma da yaron gida take nufi, kamar dai «knave». «Marshal», wato «maréchal», muƙamin ƙoli a soja, asalinsa yaron barga ne, kamar yadda sarautar Shamaki a fadojin Hausa ta samo suna daga wurin ɗaure dawaki. «Nice», wadda yau ake yaba wa mutum da ita, daga «nescius» ta fito, wato jahili. Kalmomi suna hawa suna sauka kamar farashin hatsi, kuma wanda ya tsinci masu sauka kaɗai zai iya tabbatar da duk abin da ya ga dama.

A gwada ma'aunin a kan kayan sana'a

Hanya mafi adalci ta gwada ma'aunin mutum ita ce a auna kayan sana'arsa da shi. Mu ɗauki sunayen da Ingilishi ke kiran ilimin harshe da su. «Etymology», ilimin asalin kalmomi, ta fito daga «etymon» ta Girkanci, ma'anarta na gaskiya. Girkawan da suka raɗa sunan sun ɗauka ma'anar farko ita ce ta gaskiya, kuma Trench magajinsu ne a nan. Amma kalmar da kanta ta saɓa wa asalinta, domin masu wannan ilimi a yau tarihin sauti da na ma'ana suke bi. «Grammar» kuwa daga «gramma» take, wato harafi. A ƙarnonin da duk wani ilimin littafi a Turai da Latin ake yinsa, jama'ar da ba su karatu suna zargin masu littafi da asiri. Daga nan Faransanci ya sami «grimoire», kundin tsibbu, mutanen Sukotlan kuma suka lanƙwasa kalmar ta zama «glamour», sihirin da ke rufe ido, wadda a yau ta koma ƙyalƙyalin taurarin fim. Mu da muke kiran abin da ake wankewa daga allo a sha «rubutu» mun san wannan hanya sarai. To wace ce ma'anar gaskiya a cikin huɗun: harafi, ƙa'idar jimla, tsibbu, ko ado? Kowace gaskiya ce a zamaninta, a bakin masu ita.

Sunayen sassan magana ma haka suke. Riga ce da malaman Iskandariyya suka ɗinka wa Girkanci kafin haihuwar Annabi Isa, a littafin da ake danganta wa Dionysius Thrax, mai raba magana kashi takwas. Rumawa suka ara wa Latin, Donatus ya mai da ita littafin yara a ƙarni na 4, ta bi ta Faransanci ta isa Ingila. «Noun» suna ne, wannan ya yi daidai. Amma «verb» daga «verbum» take, wadda ke nufin kalma kawai, kowace iri. Mafi ban dariya ita ce «accusative», wadda duk wanda ya taɓa Latin ko Jamusanci ya sani a matsayin siffar karɓau. Kalmar Girkanci tana nufin abin da aiki ya haifar ko ya shafa, amma tushenta yana kuma ɗauke da ma'anar zargi, sai Rumawa suka fassara ta da ma'anar da ba ita ba. Shekara dubu biyu ke nan ana koyar da kuskuren fassara, kuma bai hana ɗalibai gane karɓau ba, domin abin da malami ya nuna a allo shi ke ba kalmar ma'ana.

Kayan aikinmu na Hausa ba su fita daga wannan ba. «Nahawu» a Larabci hanya ce ko fuskar da aka dosa. «Ƙamus» teku ne: Larabci ya aro ta daga «okeanos» ta Girkanci, Firuzabadi ya raɗa wa babban littafinsa na lugga suna «Al-Ƙamus al-Muhiɗ», tekun da ya kewaye, littafin ya shahara har sunansa ya zama sunan duk wani littafi irinsa. «Baƙi» launin tawada ne, kamar yadda wanda ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo ya sani. Sanin waɗannan yana ƙara wa darasi armashi. Amma babu malamin da zai ce wa ɗalibi baƙin da aka rubuta da farin alli ya daina zama baƙi.

Auna al'umma da ƙamus

Da kuskuren Trench ya tsaya a kan ciwo da annoba, da sai a ce wa'azi ne ya rinjayi nazari, a wuce. Amma tun a laccar farko ya ɗauki ma'aunin nan ya auna al'ummomi da shi. Ra'ayinsa shi ne harsunan mutanen da Turawan zamaninsa ke kira marasa wayewa kufai ne na wani gini da ya rushe, kuma ƙarancin kalmominsu shaida ne na faɗuwar ruhinsu. Hujjojinsa daga rahotannin ƴan mishan ya ɗebo su. Daga Robert Moffat ya ɗauko cewa Tswanawa na kudancin Afirka sun kusa manta kalmarsu ta Ubangiji, «Morimo», ta saura a bakin ƴan tsofaffi da bokaye. Daga Martin Dobrizhoffer, wani limamin Katolika da ya zauna a Faragwai a ƙarni na 18, ya ɗauko cewa ƙabilun Abipon da Guarani ba su da kalmar godiya, ya kuma kammala cewa godiyar ce babu a zukatansu. Tarihi bai goyi bayansa ba. Kalmar da aka ce ta mutu ita Moffat da kansa ya sa a fassarar Baibul da ya kammala a 1857, kuma «Modimo» ita ce sunan Ubangiji a bakin masu jin Setswana a yau. Guarani kuwa harshen hukuma ne a Faragwai tun 1992, masu shi suna cewa «aguyje» in an yi musu alheri.

A juya ma'aunin a kan masu shi a gani. «Merci» ta Faransanci daga «merces» ta Latin take, wato lada ko kuɗin aiki. Shin za mu ce Bafaranshe bai san godiya ba sai ciniki? Ingilishi ba shi da kalma guda da ke yin aikin «sannu», wadda muke yi wa mai noma, da majinyaci, da wanda ya yi tuntuɓe, da wanda ya dawo daga tafiya. Ba ya raba wa da ƙane sai ya ƙara sifa. Ba shi da «kara». Babu mai hankalin da zai ce don haka Bature ba ya tausayin mara lafiya ko bai san yayansa ba. Abin da wani harshe ya ƙulle a kalma ɗaya, wani a jimla yake faɗinsa, wani kuma da hannu ko da sunkuyar da kai. Baƙon da ya zo da jerin kalmomin garinsu yana neman takwarar kowace, iyakar kunnensa kawai yake aunawa.

Wannan raini tsoho ne, ya kuma bar sawu a cikin kalmomin nahawu kansu. «Barbarism», gurɓatacciyar kalma, daga «barbaros» take, sunan da Girkawa suka ba duk wanda maganarsa ke shiga kunnensu kamar «bar-bar». «Solecism», kuskuren ginin jimla, daga sunan garin Soloi take, a kudancin Turkiyya ta yau, wanda mutanen Atina ke yi wa dariyar Girkancinsa. Kada mu yi saurin nuna yatsa: «gwaranci» a bakinmu irin wannan zalunci ne ga Gbagyi na tsakiyar Najeriya, waɗanda harshensu ke da ƙa'idarsa cikakkiya. Sai «vernacular», wadda iyayenmu suka sani da «langue vernaculaire». Tushenta «verna», bawan da aka haifa a gidan ubangijinsa, wato bacucane. Da jin haka rai yakan so ya ce asiri ya tonu, harshen bayi suke nufi. To amma wannan hanyar Trench ce aka juyo da ita. Rumawa sun yi amfani da kalmar da ma'anar ɗan gida, har masaninsu Varro ya kira kalmomin Latin na asali da ita, babu raini a ciki. Abin da ya sa ta yi ɗaci a ƙasar nan shi ne sambol, ƙashi ko guntun itacen da ake rataya wa yaron da aka ji yana Hausa ko Zabarmanci a farfajiyar lakwal. Dokar makaranta ce ta zuba wa kalmar dafi, a can ya kamata a nemi laifin.

Shari'ar «boko»

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne «boko». An daɗe ana maimaitawa, a aji da jarida, cewa «book» ce ta Ingilishi aka lanƙwasa. Labarin yana da daɗin faɗi, sautin ya yi kama, ma'anar ta yi kusa. A 2013 masanin Hausa Paul Newman ya bi diddigin maganar ya nuna ba ta da tushe. Na farko, ƙa'idar sauti: «cook» da ta shigo Hausa «kuku» ta zama, don haka da «book» ta shigo da «buku» za a ji. Na biyu, kalmar tana cikin Hausa da ma'anar abin da ba na gaske ba, kamar a «amaryar boko» da «biri boko», kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo wannan ma'ana ta yaudara. Kakanninmu da ke da littafi da allo tun ƙarnoni ba su bukaci aron sunan littafi ba. Sun kalli karatun Nasara suka kira shi jabu. A nan ma sai a yi hattara. Wanda ya ce tunda asalin kalmar yaudara ce to karatun yaudara ne, ya faɗa ramin da Trench ya faɗa da «pain». Uban da ya sayar da akuya ya saya wa ɗiyarsa littattafan boko ya san abin da yake nufi da kalmar. Binciken ya gaya mana yadda mutanen farkon ƙarni na 20 suka karɓi makarantar Turawa, wannan kuwa babban sani ne. Hukuncin makarantar yau a wani wuri za a nemo shi.

Trench na 1857

Abin mamaki, maganin cutar daga hannun Trench ɗin ya fito. A watan Nuwamba na 1857 ya gabatar da takarda a gaban ƙungiyar masana harshe ta Landan a kan naƙasun ƙamusoshin Ingilishi. A ciki ya nuna cewa aikin mai ƙamus aikin ɗan tarihi ne: ya tattara kowace kalma, mai kyau da mara kyau, ya nuna lokacin da aka fara ganinta a rubuce, ya bi sauyin ma'anarta da misalai daga littattafai. Daga wannan takarda aka ɗauki aikin da ya zama babban ƙamus na Oxford. Ɗaruruwan masu sa kai suka yi ta karanta littattafai suna aiko da jimloli a guntayen takardu, James Murray ya karɓi ragama a 1879, kashin farko ya fito a 1884, aka kammala a 1928, shekara 42 bayan rasuwar Trench. Duk wanda ya buɗe «nice» ko «silly» a wannan ƙamus zai ga ma'anoni jere bisa shekaru, ba a ce wata ta fi wata gaskiya ba. Ɗan tarihin 1857 ya sauke shaidan da mai wa'azin 1851 ya ɗora a buzu, ya mai da shi wurin tsayuwarsa, ya rubuta abin da ya faɗa da kwanan wata.

Akwai darasi a tarihin waɗannan kalmomi ga masu aikin ƙirƙirar sunayen nahawu da Hausa, ko da yake ba a littafin Trench yake ba. Ingilishi ma ya taɓa gwada kiran nahawu da bakinsa. Wajen shekara ta 1000 wani malamin zuhudu mai suna Ælfric ya rubuta wa yara nahawun Latin da tsohon Ingilishi, ya kira ilimin «stæfcræft», sana'ar haruffa, ya fassara «pronomen» da abin da ya yi daidai da «wakilin suna» namu. Kalmominsa ba su da aibi, amma bayan 1066 fada da kotu suka koma Faransanci, makaranta ma da shi take fassara Latin, sai suka mutu don babu mai furta su. A 1878 William Barnes ya sake gwadawa da «speech-craft» a madadin «grammar», ba a bi shi ba, domin babu tsarin makaranta a bayansa. «Aikatau», «bayanau», «aikau» da «karɓau» sun rayu ne domin an koyar da su, an yi jarrabawa da su, an buga littattafai da su. Sa'o'in da muke ɓatawa muna gardama ko kalma kaza Hausa ce tsantsa, ko Larabci ce, ko aro daga Faransanci, da mun kashe su wajen amincewa da kalma ɗaya tsakanin Damagaram da Tawa da Kano, a sa ta a littafin aji, da mun fi cin riba.

To me za a yi da littafin? A karanta shi. Haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, ana samunsa kyauta a intanet, kuma malamin Ingilishi na kwaleji ko lise zai fita da misalan da za su ishe shi shekara guda. Sai dai ya karanta da alƙalami a hannu, ya riƙa yi wa kowane asali tambayoyi uku. A wane rubutu aka fara ganin kalmar, a wace shekara? Sauyin sautin ya bi ƙa'idar da sauran kalmomi suka bi, kamar yadda «cook» ta zama «kuku»? Masu harshen a yau, me suke nufi in sun furta ta? A kan ta farko Trench ya yi wa duniya aikin da ba a manta ba. A kan ta biyu shi da kansa ya gargaɗi ɗalibansa kada kamannin sauti ya ruɗe su. Ta ukun ce bai yi ba, Tswanawa da Guarani kuma suka biya kuɗin. Mu da aka taɓa auna harsunanmu da irin wannan ma'auni, mu ne ya fi kamata mu riƙa yin ta, ko a kan Ingilishi muke magana, ko a kan Hausa, ko a kan harsunan maƙwabtanmu waɗanda ƴaƴansu ke zaune a benci ɗaya da namu.